Likkafanin Babale

A Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya na ci karo da Babale, kuma da na san yana kan wannan hanyar da na bi wata.

Shekara wajen ashirin muna maƙwabtaka a Brik, unguwarmu ta Briqueterie a Yawunde. Shagona na ɗinki yana bakin titi, tukubarsa ta soya, wato tsire, tana manne da bangona. Daga la'asar idan ya hura wuta, hayaƙin ba ya zuwa ko'ina sai cikin shagona. Na sha mayar wa mutane shadda tana warin kitse. Mun je gaban mai unguwa, mun je gaban liman, har aka gaji da mu. Shi yana kirana Sarkin Alkawari, wai ban taɓa gama ɗinkin sallah kafin sallah ba. Ni kuma na sa masa Hayaƙi, sunan ya bi shi har unguwar Ekoudou.

Sai ga shi a tsakar wani gida da ake tara masu jiran mota, zaune a kan jarka, ya yi baƙi ya rame.

"Kai ma?" in ji shi.

"Ni ma."

"To wa ka bar wa kayan mutane?"

"Wanda ka bar wa kitsenka."

Gaisuwarmu ke nan. Ban tambaye shi abin da ya fito da shi ba, shi ma bai tambaye ni ba. Namiji mai shekara arba'in da ɗoriya ba ya barin mata da 'ya'ya don daɗi.

Mai gidan wani ɗan Duwala ne da ke kiran kansa Shugaba. Bakinsa kamar zuma, kowa ɗan'uwansa ne. Ya karɓi abin da ya karɓa a hannunmu, ya ce mota za ta zo jibi. Jibin nan har yau ba ta zo ba. Wata safiya muka tashi babu shi babu katifarsa. Babale ya dube ni ya ce, "Wannan ko ɗan gidanku ne? Alkawarinsa irin naka."

Daga nan muka zama biyu, ba don so ba. A hanya idan ka ga wanda ya san sunan uwarka, ko maƙiyinka ne ba ka sakinsa. Mun yi dakon siminti a Oran, rabin aikin ba a biya mu ba, kuma ba inda za ka kai ƙara. Mun ƙetara zuwa Maroko da ƙafa. Muka ƙare a wani daji kan duwatsu kusa da Nador, inda baƙaƙen fata ke kwana cikin bukkokin leda suna jiran ruwa ya kwanta.

Ba zan manta da wata tsohuwa ta ƙauyen da ke gindin dutsen ba. Ba ma jin yarenta, ba ta jin namu. Idan mun sauko neman ruwa sai ta ajiye gurasa da ɗan man zaitun a kan katanga ta shige gida, don kada maƙwabta su ce ta ba mu. Ko fuskarta ban gama gani ba.

A dajin nan ne na san amfanin Babale. Yana da wata ƙaramar kwalba ta yaji da ya ɗauro tun daga Brik, irin wanda yake barbaɗa wa soya. Yakan sauka kasuwa ya roƙi kawunan kaji da ƙafafu da mahauta ke zubarwa, ya gasa a kan waya, ya ɗan yayyafa yajin kamar mai zuba magani a ido. Idan na rufe ido sai in ji kamar ina bakin titin babban masallaci bayan magariba, masu taksi suna ta oda. Yajin gida ya ƙare tun a can, amma kwalbar ba ta taɓa zama wofi ba, kullum yana haɗa wani da abin da ya samu. A nan kuma ya kama tarin da bai sake shi ba.

Ranar da aka sa mu a ruwa, ni ban taɓa ganin teku ba. Jirgin na roba ne, irin wanda ake hurawa, an cusa mu kamar buhunan gawayi. Da gari ya waye ƙasa ta ɓace gaba da baya, ruwa ya fara shigowa, mata suna kuka, wani yana kiran Yesu wani yana kiran Annabi. Babale yana manne da ni, yana ta amai. Ya kama hannun rigata.

"Tanimu, idan na riga ka, kai za ka ɗinka mini likkafani."

"A nan? Kifi zai ɗinka maka."

"Ban ce a nan ba. Ko'ina ne. Kada ka bari a jefa ni rami kamar akuya. Kuma wannan ba ɗinkin sallah ba ne, ba a cewa a dawo gobe."

Na ce masa na ji, ya sake mini riga. Ban ɗauki maganar da nauyi ba, don a lokacin na tabbata tare za mu nutse. Sai jirgin 'yan Sipaniya ya tsince mu da rana tsaka.

Sipaniya ba mu daɗe ba. Faransa muke so, tunda muna jin yaren. A Paris akwai ɗan wani maƙwabcinmu na unguwar Tsinga da ya yi ta ce mana a waya mu dai iso, komai yana hannunsa. Da muka iso wayarsa ta mutu, ba ta sake farfaɗowa ba. Mun kwana ƙarƙashin gada, mun bi layin takardu har takalma suka cinye. Ƙarshe aka ce labarinmu bai isa a ba mu mafaka ba, aka ba kowannenmu umarnin ya bar ƙasar. Ma'anarsa, duk ranar da ɗan sanda ya tambaye ka suna, ka gama. Daga ranar na koyi tafiya ina kallon ƙasa, na koyi sauka daga mota tasha ɗaya kafin tawa idan na ga mai kaki.

Wani Bagine, Mamadu, shi ya ce mu bi shi yamma, bakin teku, inda ake kiwon wani irin dodon koɗi da Turawa ke ci ɗanye. Masu gonar ba sa yawan tambaya. Aikin cikin ruwan sanyi ne har gwiwa, ana juya buhunan raga. Ni sati ɗaya na yi yatsuna suka ƙi lanƙwasuwa, na ce idan na rasa yatsu na rasa komai, na bari. Babale ya zauna, da tarinsa. Aka ba shi wata tsohuwar mota mai gado a bayan gonar yana kwana. Ni na koma cikin gari ina cin miyar sadaka.

A wurin miyar ne wata mata mai rabawa, Madam Odil, ta gan ni ina gyara aljihun kwat ɗina. Ta tsaya ta duba ɗinkin, ta tambayi sana'ata. Washegari ta kai ni bakin tashar jiragen ruwa.

Na hango shi tun daga nesa. Jirgi ne na katako, tsayinsa ya kai gidan sama, da dogayen itatuwa uku a tsaye a kansa, igiyoyi ko'ina kamar saƙar gizo. A jikinsa an jera ƙananan tagogi, kowace taga da bakin igwa yana leƙowa. Madam Odil ta ce jirgin yaƙi ne, amma ba na yanzu ba. A zamanin sarakunansu an ƙera irinsa a wannan garin, ya je ya yi yaƙi da Ingilishi, ya nutse. Shi ne mutanen garin suka haɗa ƙungiya suna sake ƙera shi yadda kakanninsu suka yi, da gatari da gizago, sun fi shekara goma a kai. Na tsaya ina kallo. Mutanen da ba su da yaƙi suna gina jirgin yaƙin da ba zai harbi kowa ba, mu kuma mun ƙetaro teku a kan roba. Ban faɗa mata ba, tunda abinci nake nema.

Irin wannan jirgi ba shi da inji, iska ke tura shi, da waɗansu manyan ƙyallaye masu kaurin tampol da ake bazawa a jikin itatuwan. Mai ɗinka su wani tsoho ne, Musyu Yan, gajere mai faɗin kafaɗa, ba ya dariya sai dole. Ya yi sojan ruwa yana saurayi, sannan ya gaji sana'ar ubansa. Ɗakin aikinsa dogo ne kamar masallacin Juma'a, ƙyalle shimfiɗe daga bango zuwa bango. Babu keke. Komai da hannu.

Ya miƙo mini allura mai kusurwa uku, kaurinta kamar ƙusa, da wata fata da ake sawa a tafin hannu mai ɗan ƙarfe a tsakiya, da ita ake tura allurar. Na ce a raina, ni da na yi shekara talatin ina aikin wuyan babbar riga. A turi na uku allurar ta zame ta shige mini gindin babban yatsa. Ya dubi jinin, ya dube ni.

"Kada ka ɗiga mini a ƙyalle," in ji shi.

Amma bai kore ni ba. Ya ce hannuna ya san layi, ƙarfi ne babu, kuma ƙarfi yana zuwa. Ba albashi, tunda yawancin masu aikin sa kai suke yi, sai abincin rana da wani ɗan ɗaki a bayan wurin ajiyar igiya. Ya koya mini goga wa zare kakin zuma, da ninka baki biyu, da ja har sai ɗinkin ya nutse cikin ƙyallen. Kullum maganarsa ɗaya: ɗinkin jirgi ba a yi shi don ya kwance ba, idan ya kwance cikin hadari mutane ne za su mutu. Da na yi wata shida sai ya fara cewa idan na ƙara haƙuri ƙungiyar za ta rubuta cewa tana bukatata, wataƙila a ba ni takardar zama. Ya ce ba shi da magaji, yaran garin ba sa son aikin da ke kumbura hannu. Karo na farko ke nan tun barina gida da na ga wani abu mai kama da ƙofa.

Duk da haka ban zauna lafiya ba. Idan na ji mota ta tsaya a waje sai allura ta tsaya. Idan matata ta kira ta ce yara suna tambaya yaushe, sai in ce layin ba kyau.

Ran Lahadi Babale yakan zo. Wata Lahadi Musyu Yan ya zaga da mu cikin jirgin. Ya nuna mana haƙarƙarinsa, ya ce kowane ɗaya sai an shiga daji an nemo itacen da ya tanƙware da kansa daidai yadda ake so, don wanda aka tanƙwara da ƙarfi ba ya jure dukan igwa. Muka sauka inda igwogin suke. Rufin gajere ne, sai ka sunkuya. An shafe bangon da jan fenti, ya ce wai don kada sabon soja ya ga jini ya firgita. Kafin a fara faɗa ana watsa yashi a ƙasa saboda santsi, ba santsin ruwa ba. Ya ce yawanci ba dunƙulen ƙarfen da igwa ke harbawa ke kashe mutum ba, tsagin katakon da ke tashi idan ya fasa bango ne. Mutum ɗaruruwa suna kwana a nan cikin ragar da ake ratayawa, kafaɗa da kafaɗa, wata da watanni, ruwan sha yana wari, biskit da tsutsa. Da yawansu ma kama su aka yi a bakin tasha aka sa su dole.

"To ashe su ma sun yi Nador ɗinsu," in ji Babale.

Na tambayi tsohon ko irin wannan jirgin ya ɗebi mutanenmu zuwa bauta. Ya ce wannan bai ɗauka ba, amma irinsa sun yi wa masu ɗauka rakiya. Na ji daɗi da bai yi mini ƙarya ba.

Sannan ya ce a jirgin yaƙi mai ɗinkin ƙyalle yana da aiki na biyu. Idan an gama faɗa, shi ake kawo wa gawawwaki. Yakan sa kowa cikin ragar kwanciyarsa, ya sa dunƙulen ƙarfe a wajen ƙafa don ya nutse, ya ɗinke. Ɗinkin ƙarshe kuma ta cikin hancin mamacin ake bi da allura, don a tabbata ba suma ya yi ba.

Babale ya kama hancinsa. Ya ce mini da Hausa, "Ka ji ko? Wannan kada ka koya."

Ya yi dariya har tarin ya turnuƙe shi, sai da ya dafa igwa. Na ce ya je asibiti. Ya ce asibiti suna tambayar suna. Na ce to ya bar ruwan sanyin nan. Ya ce idan ya bari, ni zan ciyar da matarsa Hajara da yara da alkawari?

Da sanyi ya kama sosai, wata Lahadi bai zo ba. Wayarsa tana kashe. Na ce ko kuɗin waya ne. Ran Talata muna cin abincin rana wani kafinta yana ba da labarin abin da ya gani a jarida: an tsinci wani baƙar fata a rumfar jiran mota ta hanyar gonakin, da safe, a zaune, ya mutu. Ba takarda, ba waya, ba wanda ya san shi. Masu gonakin duk sun ce ba su taɓa ganinsa ba. A aljihunsa ba a sami komai ba sai wata 'yar kwalba da jan gari a ciki, jandarmomi sun aika a bincika ko ƙwaya ce.

Na ajiye cokali. Na fita na tsaya bayan tarin katako.

Na gaya wa Musyu Yan. Na ba shi cikakken sunan Babale da lambar matarsa, ya tafi wurin jandarmomi shi kaɗai. Ya dawo fuska a murtuke. Sun ce suna a kan 'yar takarda ba shaida ba ce. Sai wanda ya san shi tun daga gida ya zo da kansa, ya ga fuskar, ya sa hannu. Idan ba a samu ba, wa'adi na cika hukumar gari za ta binne shi a gefen da ake binne marasa kowa. Ba wanka, ba salla, a cikin abin da aka same shi.

Na je wurin Mamadu. Ya kira ni yaya da yarensu, ya ce, "Kotoo, ka yi hankali. Wanda ya mutu ya huta. Ka yi masa salla daga nesa, Allah ya san uzurinka. Kana shiga ofishin nan sai jirgin sama. Kana da 'ya'ya."

Gaskiya ya faɗa. Shi ya sa ban kira wani malami a Brik na tambaya ba, ina tsoron ya ce mini ya halatta in zauna.

Kwana biyu ina ɗinki ina kwancewa. In zauna in tashi, in je bakin ruwa in dawo. Ina ta lissafin abin da na bari a hanya kafin in iso ɗakin nan: keken ɗinkina da na sayar, hamada, dajin, robar. Duk in zubar saboda mutumin da ya shekara ashirin yana ɓata mini kaya. Na yi fushi da shi ƙwarai. Ko mutuwar ma sai da ya yi ta yadda hayaƙinta zai shigo shagona.

Musyu Yan bai ce mini je ko kada ka je ba. Da ya ga layina ya karkace karo na uku, sai ya karɓe allurar.

"Idan ka tafi na rasa hannu," in ji shi. "Idan ka zauna a haka ma na rasa. Ka zaɓi ɗaya, kana ɓata mini zare."

Na ce masa ina bukatar farin ƙyalle, na auduga, wanda ba a taɓa amfani da shi ba.

Ya hau tsani ya sauko da wani bandir. Shi aka tanada don ɗan ƙyallen can ƙololuwar itace, wanda ake bazawa idan iska ta yi laushi. Fari ne tas, mai taushi, daga nesa aka yi odarsa. Na ce za a yi masa faɗa. Ya ce shekarunsa sun wuce a yi masa faɗa.

Na ce sai na gama ɗinkin kafin in je, don ban san ko za su sake ni ba. Ban bukaci awo ba. Na yi wa Babale riga sau ɗaya, da daɗewa, kafin mu ɓata, kuma tela ba ya manta kafaɗa. Na yaga ƙyallen da hannu: zane, riga, rawani, da manyan mayafai biyu. Bandir ɗin ba shi da faɗi, dole a haɗa biyu biyu. Na fara ɗaya. Da na ɗaga kai sai na ga tsohon ya ɗauki ɗayan ya zauna a bencinsa, ya sa fatarsa a hannu, ya goga wa zare kaki, ya riga ya yi kamu guda. Ɗinki mai kyau, ninki biyu, a matse, irin wanda hadari ba ya kwancewa.

"Musyu Yan, kwance shi."

Ya dube ni kamar na zage shi. "Me ya same shi?"

"Ya yi ƙarfi."

Na nuna masa yadda maigidana ya koya mini a Brik, yadda dattawa ke yi a ƙofar gida idan an yi rasuwa. Ba a kawo zare daga waje, daga jikin ƙyallen ake zaro shi. Ba kaki. Ana yin taku mai faɗi, sakwa-sakwa. Kuma idan an kai ƙarshe ba a ƙulli, sai a bar bakin zaren haka nan.

"Ai zai kwance," in ji shi.

"Ana so ya kwance. Ba komawa zai yi ko'ina da shi ba."

Ya daɗe yana juya ƙyallen a hannu. Sannan ya cire fatar ya ajiye, ya zare ɗinkinsa ɗaya bayan ɗaya. Na ba shi ƙaramar allurata ta gida. Yatsunsa sun yi mata kauri, tana ta kuɓuce masa, yana zagi ƙasa-ƙasa. Da ya kai ƙarshen layi na ga hannunsa ya tafi zai ƙulla da kansa, sai ya tsaya, ya sake. Ya ce shekara hamsin yana ɗinki, bai taɓa barin zare a sake ba.

Washegari da safe ya kai ni a motarsa, likkafanin a kan cinyata. A ƙofar ofishin ya ce har yanzu yana iya juyawa. Na ce ya yi shiru kada in yarda.

Suka kai ni asibiti, aka jawo shi daga cikin sanyi. Shi ne. Bakinsa a ɗan buɗe kamar zai faɗi wata baƙar magana. Na faɗi sunansa da na ubansa da unguwarsu, na sa hannu. Na ce musu abin da ke cikin kwalbar barkono ne da ƙuli-ƙuli da citta, idan ba su yarda ba su gasa nama. Babbansu, wani mai furfura, ya kusa yin murmushi. Sannan ya ce, "Kai kuma, takardunka?" Na ce ba ni da su. Ya duba na'urarsa, ya ga abin da na san zai gani. Ya yi ajiyar zuciya. Ya ce doka ce, ba shi ya yi ta ba. Amma ya yarda in zauna a hannun Musyu Yan, ina zuwa ina nuna fuskata kowace safiya, har a yi jana'iza.

Wani limami ɗan Maroko ya zo daga babban gari, masallacinsu ya ɗauki nauyin kabari. Ni da shi muka yi wankan. Na sa masa rigar, na naɗa masa rawani, ya zauna daidai. A ƙasar dole sai da akwati, na yi gardama, liman ya ce in bari, muka kwantar da shi ta gefen dama a ciki. Mu bakwai muka yi salla, har da Mamadu, wanda ya zo ya tsaya a sahun baya yana waige-waige. Musyu Yan da Madam Odil da kafintoci biyu suna tsaye can gefe, huluna a hannu. Ɗaya daga cikin kafintocin ya sassaƙa sunan a kan guntun katakon jirgin, aka kafa.

Mamadu ya ce in gudu a daren, yana da wanda zai kai ni Beljiyam. Na ce na gaji da kallon ƙasa. Bayan 'yan makonni suka sa ni a jirgin sama. Tafiyar da ta ci mini shekara uku, a wuni ɗaya aka mayar da ni.

A Brik labari ya riga ni isowa. Masu cewa ɗan Mbeng, wato ɗan Turai, ya dawo da leda ɗaya sun faɗa, har yanzu suna faɗa. Kafin in kwana na je gidan Babale. Hajara tana cikin takaba, ta yi mini magana daga bayan labule.

"Malam Tanimu, gaskiya nake so. An yi masa sutura?"

"An yi, Maman Nafi. Ni na ɗinka, ni na sa masa."

Na tura mata ragowar ƙyallen ta ƙarƙashin labulen, da kwalbar, don mai furfurar nan ya ba ni ita ranar da zan taho. Na ji tana murza ƙyallen a yatsu. Ta daɗe.

"Ai bai taɓa sa mai kyan wannan ba yana da rai," in ji ta.

Yanzu ina shagon wani ina ɗinki a keken haya, ƙofa biyu daga tsohon shagona. Kwanaki Musyu Yan ya turo mini hoto a waya, sun fitar da jirgin teku, ƙyallaye duk a baje. Ya zana da'ira a kan ɗaya, wai nawa ne. Can ƙololuwa kuma itace ɗaya tsirara, ba a kawo sabon bandir ba tukuna. Nakan buɗe hoton fiye da yadda ya kamata. Wani lokaci idan na ji ana maganar hanya a majalisa sai in ji ƙafata tana ƙaiƙayi, sai in tashi in bar wurin.

Tukubar tana nan, ƙanen Babale ke riƙe da ita. Hayaƙin ya gano inda na koma, daga la'asar yana shigowa yana kama shaddar mutane. Jiya na fita na wanke shi tas, na zagi wutarsa da kitsensa da wanda ya koya masa sana'a. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yi haƙuri, Baba Tanimu."

Na tsaya ina jira. Bai ƙara komai ba. Yaron bai iya ramawa ba.